DAGA GUMEL ZUWA TSIBIRIN IKKO

Wannan darasi a kan tafiya ya ke. Za mu tashi daga Gumel, birnin Sarki, mu bi hanya har mu kai Ikko, wadda a ke kira Legas, can bakin teku. Hanyar nan ba baƙuwa ba ce ga mutanen ƙasarmu. Ko wane mako shanun da aka saya a kasuwar Maigatari suna bin ta, samari kuwa da yawa su kan bi ta bayan kaka, su tafi cin rani. Amma mutum ya kan bi hanya sau goma bai san labarinta ba, kuma rashin sanin nan ya kan jawo masa hasara, wani lokaci ta dukiya, wani lokaci ta rai.

Abin da mu ke so ka riƙe shi ne wannan. Babu abin hawa guda wanda zai ɗauke ka daga ƙofar gidanka ya ajiye ka cikin tsibirin nan. Tilas ka sauka daga wannan ka hau wancan, kuma ko wanne da amfaninsa da wahalarsa. Wanda ya iya auna su kafin ya tashi, shi ne matafiyi.

1. INDA ZA A TASHI, DA INDA ZA A SAUKA

Ƙasar Gumel tana arewacin Jihar Jigawa, wadda aka kafa a 1991. Kashi huɗu ce: Gumel, da Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar. Maigatari tana arewa, bakin iyaka da ƙasar Nijar. Sule Tankarkar tana yamma, Gagarawa kuwa kudu maso gabas. Sarautar ƙasar ta Mangawa ce, kuma da can tana bin Barno. Daga baya aka taso da fada daga Tumbi aka kawo ta Gumel. Garin ya yi suna wajen ciniki, gama wani Bajamushe matafiyi, sunansa Barth, ya ratsa ta nan a 1851, ya tarar da babbar kasuwar kanwa.

Ƙasa ce ta rairayi, damina gajera, rani dogo. Gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi da zoɓo su ne amfanin gonarta, dabbobi kuwa su ne dukiyarta.

To, mene ne tsibiri? Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko ta ina. In ka taɓa ganin tudu a tsakiyar tabki da damina, wanda awaki ba su iya kai gare shi, ka ga ɗan ƙaramin tsibiri. Tsohon garin Ikko a kan irin wannan tudu ya ke, sai dai shi babba ne, kuma ruwan da ya kewaye shi ba ya ƙafewa. Wani babban tabki ne wanda bakinsa ya buɗe cikin teku, saboda haka ruwansa da ɗan gishiri, ba ya shayuwa. Sau biyu cikin yini da dare ruwan ya kan ƙaru, sa'an nan ya ja da baya.

Yarbawa masu garin suna ce da shi Eko, daga nan Hausawa suka sami Ikko. Sunan Legas kuwa Turawan Fotugal suka sa masa, ma'anarsa tabkuna. Ingilishi suka karɓe shi a 1861. Daga 1914 shi ne babban birnin Nijeriya duka, har 1991, sa'ad da aka mai da gwamnati Abuja.

Can da nan ba ɗaya ba ne. Ruwan da a ke yi a Ikko cikin shekara ya yi kamar uku na Gumel. Damina ta kan fara tun muna fama da zafin bazara, ta ɗan tsagaita cikin watan Agusta, ta komo. Iskar wurin da laima, gumi ba ya bushewa a jiki. Maimakon kuka da gawo da aduwa, sai ka ga kwakwa da ayaba.

Daga Gumel zuwa Kano kamar mil 75 ne. Daga Kano zuwa Ikko, in an bi titin jirgi, mil 700. Jimla mil 775 ke nan. Riƙe wannan lissafi, za mu komo kansa.

2. TAFIYAR ƘASA

Kakanninmu da ƙafa suka yi ta. Ba a tafiya irin wannan mutum ɗaya, sai an haɗa ayari. Shugaban ayari shi ne madugu. Shi ke zaɓen ranar tashi, shi ke sanin zango, shi ke magana da sarakunan hanya a kan abin da za a biya. Jagaba yana gaba, jakuna da takarkarai da 'yan alaro suna biye. Kayansu kanwa ne, da fatu, da jan kilago, da baƙin Kano, da dabbobi. Abin da su ke komowa da shi kuwa goro ne, da gishiri, da hajar Turawa.

Fatake su kan bi ta Kano, su wuce Zariya, su gangara ƙasar Nufe, su tsaya bakin Kwara. A nan masu fito su ke ƙetare da su cikin kwalekwale, a biya kuɗin fito a kan ko wane kai da ko wane kaya. Bayan Kwara sai Ilori, sai Badun, sai kurmi. Daga nan su fita bakin tabki a wani gari, sunansa Ikorodu, su sake shiga kwalekwale, su sauka Ikko.

Bari mu yi lissafi. A ce ayari yana cin mil 15 a yini. Raba 775 da 15, ka sami kwana 52, ba hutu ko na yini guda. Amma ayari ba ya tafiya haka. Sai an tsaya cin kasuwa, a jira kogi ya janye, a yi jinyar marasa lafiya. Saboda haka wanda ya kai cikin wata biyu ya yi sauri.

Wahalar hanyar nan babba ita ce tsando. Ƙuda ne mai cizo, yana zaune cikin duhuwar bakin rafi daga kudancin Zariya har kurmi. In ya ciji saniya ko doki ko jaki ya kan sa masa sammore, dabba ta yi ta ramewa har ta mutu. Shi ya sa raƙumi ba ya zuwa can, jaki kuwa in ya je ba safai ya ke komowa ba. Falke ya kan tashi da bijimi mai tozo, ya isa da ƙashi da fata. Ban da wannan ga 'yan fashi, ga yaƙin da ya kan rufe hanya shekara guda ko fiye.

Duk da haka tafiyar ƙasa tana da abu guda wanda sauran ba su da shi. Dabba ita ke ɗaukar kanta, tana tafe tana kiwo, mai ita bai biya kowa kuɗin ɗauka ba. Kwanaki ya ke biya, da naman da ke zubewa a hanya.

3. JIRGIN ƘASA

An fara shimfiɗa titin jirgi daga bakin Ikko a 1896. Ya kai Badun a 1901, ya kai Jabba, bakin Kwara, a 1909. Ana cikin haka a Arewa kuma aka fara wani titi daga Baro, shi ma bakin Kwara, ya bi ta Minna da Kaduna da Zariya, ya shiga Kano a 1911. A 1912 aka haɗa titunan nan biyu, ya zama mutum ya iya shiga jirgi a Kano ya sauka Ikko. Da fari in an zo Jabba sai a tura taragai cikin wani babban jirgin ruwa a ƙetare da su, har aka gama kadarko a 1916.

Ƙasar Gumel ta sami rabonta daga baya. An ja titi daga Kano ya nufi gabas, ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori, ya tsaya Nguru a 1930. Saboda gyaɗa da fatu da shanu aka yi shi. Tashar Gagarawa ita ta zama ƙofar ƙasar Gumel. Mutumin Sule Tankarkar ko na Maigatari ya kan ɗora wa jaki ko raƙumi gyaɗa, ya kawo ta nan, a auna, a zuba cikin tarago. Gari ya kafu a bakin tashar, har yau ana rarrabe Gagarawa Gari da Gagarawa Tasha.

In jirgi ya tashi daga Kano, ga manyan tashoshin da ya ke bi: Zariya, Kaduna, Minna, Zungeru, Jabba, Ilori, Offa, Oshogbo, Badun, Abekuta, Agege, Iddo. Karanta su sau biyu ko uku, gama taswirar ƙasarka ce. Daga Kano zuwa Kaduna saura da gonaki za ka yi ta gani. Daga Minna itatuwa su fara tsawo. Bayan Oshogbo sai kurmi ya rufe, rana ba ta kai ƙasa.

Tafiyar wata biyu ta komo ta kwana biyu ko uku. Dalili kuwa, ƙafar ƙarfe a kan titin ƙarfe ba ta da nauyin ja, saboda haka kan jirgi guda ya kan ja abin da jaki dubu ba su ɗauka ba. Saniya kuma ta kan ratsa ƙasar tsando kafin ciwo ya kama ta. Waɗanda suka gane wannan da wuri su suka yi arziki. Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, yana cikinsu. Ya kan ɗauko goro daga Ankara, ta ƙasar Gana, cikin jirgin ruwa zuwa Ikko, maimakon a bi da shi ta daji wata da watanni. Da titi ya kai Kano sai ya komo gida ya kama cinikin gyaɗa. Hausawa kuma suka kafa zango a bakin titin, kamar Sabo ta Badun da Zangon Agege.

Bayan an sami mulkin kai jirgin nan ya yi ta lalacewa, mota ta ƙwace masa kaya, har ya tsaya. An gyara titin Kano zuwa Ikko a 2012, jirgi ya koma tafiya, yana cin sa'a 30 ko fiye. Amma tun daga nan jiragen tsohon titi wani lokaci suna tafiya, wani lokaci ba su yi. Kada ka ɗaura kaya saboda su sai ka je tasha ka tambaya da bakinka. Akwai kuma sabon titi, wanda ya fi tsohon faɗi, jirginsa ya fi gudu. An buɗe na Kaduna zuwa Abuja a 2016, da na Badun zuwa Ikko a 2021.

4. MOTA

Yau mafi yawan mutane da kaya mota su ke bi. Daga Gumel za ka shiga ƙaramar mota, ta bi ta Gujungu da Gezawa, ta kai ka Kano cikin kamar sa'a biyu. A Kano ka sauka ka nemi babbar mota mai zuwa kudu. Hanya biyu ce. Ɗaya ta bi ta Kaduna da Tegina da Mokwa, ta ƙetare Kwara a Jabba, ta shiga Ilori da Badun. Ɗayar kuwa ta bi ta Abuja, ta ƙetare Kwara kusa da Kotonkarfe, ta wuce Lakwaja. Motar fasinja ta kan yi yini da kwana. Tirela mai kaya ta kan yi kwana biyu ko uku, in hanya ta ɓaci har fiye.

Abin da mota ta fi jirgi da shi, ita ba ta jiran titi. Ran Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, tirela ta kan zo har cikin kara, a loda mata shanu, ta kama hanya ba a sake sauke su ba sai Ikko. Ba jaki, ba tasha, ba jiran tarago.

Amma dubi wahalarta. Shanun nan a tsaye su ke, a matse, ba kiwo, ruwa ma sai kaɗan. Wadda ta faɗi, in ba a tashe ta da sauri ba, 'yan'uwanta su tattake ta. Don haka a ke sa yara su zauna tare da su. Ko wane yini da mota ta ƙara a hanya nama ne ke zubewa. Ga kuɗin mai, ga haraji iri iri, ga shingaye. Akwai kuma wuraren da 'yan bindiga su ke tare hanya su kama mutane don neman fansa. Jirgin ƙasa ma bai tsira ba, gama an tare na Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022.

Akwai wata al'ada wadda ta cinye samarin Arewa da yawa. Don a rage kuɗin mota, sai mutum ya hau kan tirela, bisa shanu ko bisa buhunan hatsi. In motar nan ta kife, wanda ke sama ba shi da abin riƙo, kayan kuma a kansa za su zube. Hukumar kiyaye haɗarin hanya, wadda aka kafa a 1988, ta hana wannan, kuma da gaskiyarta. Kuɗin da ka rage bai kai na likkafani ba, balle ya riƙe iyalinka bayanka.

5. JIRGIN SAMA

Jiragen sama sun fara sauka Kano a watan Nuwamba na 1925. Guda uku ne, na sojan Ingila, sun taso daga Masar. A 1936 aka fara ɗaukar wasiƙu da mutane ta sama. Yau mutum ya kan tashi daga filin Malam Aminu Kano ya sauka filin Murtala Muhammed cikin kamar sa'a ɗaya da rabi. Dutse ma, babban birnin Jigawa, an yi mata fili a 2014.

Jirgin sama ba ya kewaya dutse, ba ya neman kadarko, shi ya sa hanyarsa ta fi gajarta, kamar mil 520. Amma ɗaga kaya sama da riƙe shi can yana cin mai ƙwarai. Saboda haka kuɗinsa ya ninka na mota sau da yawa, kuma ana auna kayan ko wane mutum. Jaka guda a ke yarda da ita, mai nauyin kilo 20 ko kusa da haka, abin da ya ɗara sai an biya. Buhun gero guda ya fi ƙarfin wannan. Ana kuma bukatar katin shaida mai hotonka, sunan da ke kan katin ya zama ɗaya da na kan tikiti. Ka ga amfanin karatu a nan. Wanda bai iya duba sunansa da sa'ar tashinsa ba, ya iya zama a fili jirginsa ya tafi ya bar shi.

6. SHIGA TSIBIRI

To, ga abin da baƙo ba ya tsammani. Duk abubuwan hawan nan da muka ambata, ba wanda ya ke kai ka cikin tsibirin. Tsohon jirgin ƙasa Iddo ya ke tsayawa, a wannan gefen ruwa. Filin jirgin sama yana Ikeja, nesa da bakin ruwa. Manyan motocin Arewa su kan sauke mutane a unguwannin tudu, kamar Agege da Mile 12. Shanu kuwa ba su ma ƙetarewa. A Agege a ke yanka mafi yawansu, nama kaɗai ke shiga tsibiri. Saura zango guda ke nan, gajere ne, amma shi ya kan fi ba baƙo wuya.

Da can kwalekwale ne kaɗai. A 1901 aka buɗe kadarko na fari daga Iddo, aka sa masa sunan wani Gwamna, Carter. Wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa ya fara bi ta kansa a 1902 yana ɗaukar mutane, ya yi 'yan shekaru aka daina. An sake gina kadarkon nan fiye da sau ɗaya. Na biyu shi ne na Eko, wanda aka gama a 1975. Na uku aka buɗe a 1990, tsawonsa ya fi mil 7, yana tafe bisa ruwa, har in kana tsakiyarsa ka ce cikin jirgi ka ke.

Mutane masu yawan gaske suna kwana a tudu, suna aiki a tsibiri. Da safe duk su nufi kadarkun nan, da maraice duk su juyo. Saboda haka motoci su kan cushe, har ya zama wanda ya zo daga Kano ta sama cikin sa'a ɗaya da rabi ya yi sa'a biyu ko uku tsakanin fili da tsibiri. Mai hankali ya kan ƙetare da hantsi, ya fito kafin la'asar.

Abubuwan hawan wannan zango huɗu ne. Akwai ƙananan motoci masu launin rawaya, ana ce da su danfo. Akwai dogayen motocin gwamnati masu hanyarsu dabam, waɗanda suka fara aiki a 2008, da kati a ke biyansu. Akwai jirgin ƙasa mai tafiya da lantarki, wanda aka buɗe a 2023, yana tashi daga Mile 2 ya ƙetare ruwa ya tsaya Marina, cikin tsibiri. Akwai kuma jiragen ruwa masu inji, suna tashi daga Ikorodu, inda fataken da su ke shiga kwalekwale. In za ka shiga jirgin ruwa, karɓi rigar da a ke bayarwa mai hana nutsewa, ka ɗaure ta sosai, kada ka ji kunya. Mu mutanen rairayi ne, kaɗan daga cikinmu suka iya iyo. Kada kuma ka shiga wanda aka cika fiye da kima, ko wanda zai tashi bayan magariba.

Samari masu niyyar zuwa aikin acaɓa su lura. Tun watan Yuni na 2022 gwamnatin Jihar Legas ta hana haya da babur a tsibirin da waɗansu unguwanni, kamar Ikeja da Apapa da Surulere. Wanda aka kama, a ƙwace babur. Kada ka sayar da akuyar uwarka ka sayi abin da za a karɓe ran da ka isa.

In ka ƙetare lafiya, ga Idumota da Balogun, kasuwannin tufafi da haja, inda mutum ba ya ganin ƙasa don jama'a. Ga gidan Sarkin Ikko, ga babban masallacin Juma'a, ga wani tsohon masallaci na Shitta Bey wanda aka buɗe a 1894. Daga Marina kuwa ka hangi manyan jiragen teku suna shiga Apapa. Ta nan gyaɗar da aka auna a Gagarawa ta riƙa fita zuwa Turai.

7. ABU UKU DA A KE AUNAWA

Yanzu tara abin da muka karanta. Ƙafa, wata biyu. Jirgin ƙasa, kwana biyu. Mota, yini da kwana. Jirgin sama, sa'a ɗaya da rabi. In ka duba da kyau za ka ga abu uku ne ke ja da juna: lokaci, da kuɗi, da kaya. Abin da ya rage maka lokaci ya kan ƙara maka kuɗi, ya rage maka kaya. Ba wanda ya haɗa ukun duka.

Saboda haka kafin ka tashi tambayi kanka, a cikin ukun nan wanne ne ba ni da shi? A ce mutum uku za su Ikko daga Gumel. Na fari yana da buhun wake ɗari. Wake ba ya ramewa a hanya, in dai an rufe shi daga ruwa, saboda haka ya nemi mota mai araha ko da za ta yi jinkiri. Na biyu yana da shanu talatin. Shi jinkiri ne abokin gabansa, gwamma ya ƙara kuɗi ya sami mota mai lafiya da direban da aka sani, da ya rage kuɗi ta lalace masa a dajin Mokwa. Na uku an aiko masa ɗan'uwansa na kwance asibiti, rai a hannun Allah. Shi ba kaya gare shi ba, kwana guda kuwa ya fi masa kuɗi, in yana da hali ya hau sama. Ka ga hanya ɗaya ce, amma shawara uku, kuma ko wanne ya yi daidai.

In kana lissafin kuɗin tafiya, kada ka tsaya kan kuɗin babbar mota. Rubuta zango zango: daga ƙauye zuwa Gumel, daga Gumel zuwa Kano, daga Kano zuwa tudun Ikko, daga nan zuwa tsibiri. Ƙara abinci, da kuɗin 'yan dako, da la'adar dillali. Sa'an nan ka ware kuɗin komowa, ka ajiye shi dabam, kada ka taɓa. Da yawa sun tafi da kuɗin zuwa kaɗai, ciniki bai yi ba, suka maƙale shekara da shekaru, gona ta zama saura.

8. GARGAƊI GA MATAFIYI

Ka san wanda za ka sauka wurinsa tun kafin ka tashi. Rubuta sunansa da unguwarsa da lambar wayarsa a takarda, ka sa cikin aljihu, gama waya ta kan ɓace ko ta mutu.

Ka shiga mota cikin tasha, inda a ke rubuta sunayen fasinja. Kada ka tsaya bakin hanya don neman araha.

Ka tambayi direbobin da suka iso jiya labarin hanya. Matambayi ba ya ɓata.

Kada ka tara kuɗinka wuri guda a jikinka. In da yawa ne, sa su banki, ka karɓa can.

Ka tafi da gidan sauro, gama sauron Ikko ba ya jiran damina.

In ka rasa hanya, nemi zangon Hausawa, ka gai da Sarkin Hausawan wurin. Ka girmama masu gari, ka koyi gaisuwarsu ko da kalma biyu ce.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Gaskiya ne, amma ilmin da ka tafi da shi daga gida shi ke komo da kai. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya.

TAMBAYOYI

1. Faɗi kashi huɗu na ƙasar Gumel.
2. Mene ne tsibiri? Don me ba a shan ruwan da ya kewaye Ikko?
3. In ayari yana cin mil 12 a yini, kwana nawa zai yi kafin ya ci mil 775?
4. Wace shekara titin jirgi ya shiga Kano? Wace shekara ya kai Nguru?
5. Me ya hana raƙumi zuwa kurmi?
6. Faɗi abin hawa huɗu da a ke shiga tsibirin Ikko da su.
7. A ce kana da kwandon tumatir hamsin za ka kai Ikko. A cikin lokaci da kuɗi da kaya, wanne za ka fi kula da shi? Faɗi dalili.
8. Rubuta zangon tafiya daga garinku zuwa Kano, da kuɗin ko wanne, ka tara jimla.